Na Je Kallon Dorina, Aka Yi Kallona

Akwai wata tashar talabijin ta tauraron ɗan'adam da ba ta da aikin yi sai nuna namun daji da halittun ruwa, kuma duk abin da ya same ni a tafkin Kainji ita ta ja mini. A cikinta ne za ka ga Turawa sun cika wani farin jirgi a gaɓar tekun Afirka ta Kudu, kowa da malafa da madubin hangen nesa. Mai yi musu jagora ya ɗaga hannu ya ce a dubi dama, sai ƙaton kifin nan da ya fi giwa girma ya ɓullo, ya juya cikinsa, ya watsa musu ruwa, ya koma. Su tafa. Ya ce a dubi hagu, sai ga tsibiri maƙil da tsuntsaye. Ba su taɓa nuna ranar da aka fita aka dawo ba a ga komai ba, shi ya sa na ɗauka dabbobin ruwa ma suna da lokacin shiga ofis.

Ni malamin sakandare ne a Kano, labarin ƙasa nake koyarwa. Albashina ko Legas ba ya kai ni ya dawo da ni, balle Afirka ta Kudu. Ina cikin wannan ƙorafi a ɗakin malamai sai wani abokin aikina, mutumin Yawuri, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Haba Malam, kai da kake koyar da taswira, ba ka san muna da teku a jihar Kebbi ba? Je ka Wara ka tsaya a bakin ruwa, in ka hango ɗaya gaɓar ka dawo in biya ka kuɗin mota. Dorina har gonaki take shiga. Ga kada, ga ayu, ga tsibirai."

A takarda kam na san wurin, har jarrabawa na sha yi wa yara a kansa. An fara gina madatsar Kainji a kan kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, tun daga madatsar har zuwa wajen Yelwa, faɗinsa kuma a tsakiya ya kai kilomita 24. Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, tana gaɓar gabas, a yankin da ruwan ya fi buɗewa. Abin da babu shi a manhaja shi ne yadda ake zama cikin kwalekwale. Babban ruwan da na taɓa shiga a duniya shi ne kududdufin bayan gidanmu, shi ma da na fito sai da aka zane ni.

Ban yi wa shirin riƙon sakainar kashi ba. Na sayi littafin rubutu mai bango mai tauri, na sa rula na ja layuka, na tsara jadawali. Ƙarfe 7, tashi daga Wara. Ƙarfe 8, dorina. Ƙarfe 9 da rabi, ayu. Ƙarfe 11, kada, in lokaci ya ba da dama. Azahar da abincin rana a tsibirin Foge, wanda a 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. La'asar a kan Tsohuwar Bussa, inda shugaban tafiya, wato ni, zai gabatar da ɗan taƙaitaccen jawabi. Tsakanin dorina da ayu har rarar minti 15 na bari, ko da dorinar za ta makara.

Da farko malamai sun yi rububin rubuta suna. Da hutun ƙarshen shekara ya matso sai uzuri ya fara sauka. Wannan matarsa ta kusa haihuwa, wancan ya tuna yana da ɗaurin aure a Gumel, malamin lissafi kuwa gaskiya ya faɗa, ya ce ya yi lissafi bai fita ba. Shi kansa mutumin Yawurin, mai teku, sai a lokacin ya sanar da ni cewa tun yana yaro mahaifiyarsa ta yi masa iyaka da ruwa, bai taɓa taka jirgi ba, amma ga lambar wani ɗan'uwansu. Uwargida ta saurari jadawalin tun daga ƙarfe 7 har zuwa jawabi, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Malam, ita dorinar an sanar da ita?" Ban amsa ba. Can da daddare ta ce in nuna mata inda takardun filin nan suke, wai don kada a yi ta nema.

Aka bar ni da ɗan yayata, wanda ya gama jami'a yana jiran bautar ƙasa. Ya yarda zai zama mai ɗaukar hoto, da sharaɗin in saya masa data.

Na shiga kasuwar Sabon Gari na haɗo kayan aiki: madubin hangen nesa na gwanjo, wandon kaki, hular hana-salla, da rigunan hana nutsewa guda biyu masu ruwan lemo, kowace da usur a rataye. Na gwada su a tsakar gida. Yara suka ce na yi kyau. Daga baya na gano cin amana ne.

Hanya kun san halin da ake ciki, ba sai na ɓata takarda ba. Mun bi ta Jega da Koko muka faɗa Yelwa, daga nan muka nufi Wara, muka isa jiki duk ƙura. A masaukinmu babu wuta. Na kwanta cikin duhu ina tuna cewa ruwan da nake jin iskarsa ta taga shi ne aka tare don ya juya injinan da aka ce za su ba ƙasa megawat 760. Wayar yaron ta kwana a wurin mai cajin janareta.

Da sassafe muka sauka kwata. Hunturu ne, hazo ya rufe ruwan, ba a hango ko inda jirage suka yi nisan jifa biyu, balle ɗaya gaɓar, don haka mutumin Yawuri ya ci caca ba da gumi ba. Dogayen jiragen katako sun jeru ana loda musu buhunan albasa, babura, awaki da mutane. Ga mata da manyan robobin kifi, ga warangi, ƙananan kifayen nan, an baza a ƙasa ana jiran rana, ga hayaƙin banda yana shiga ido. Kwata na ta hayaniya har lokacin da na ɓullo cikin kaki da rigar ruwan lemo, madubi a wuya, littafi a hammata. Sai hayaniyar ta ragu. Wata mata ta ja buhu ta rufe robarta. Wani saurayi ya naɗe ragarsa da sauri ya cusa ƙarƙashin kwalekwale ya zauna a kai. Wasu biyu suka tunkuɗa nasu cikin ruwa ko gama ɗaura kaya ba su yi ba. Na ɗaga musu hannu. Na buɗe littafi na rubuta abin lura na farko: mutanen gari masu kunya ne ƙwarai.

Ɗan'uwan abokin nawa ya kai mu wurin Sarkin Ruwa, wani dattijo da ke zaune bisa kifaffen kwalekwale, lulluɓe da bargo, rediyo a gefensa. Muka durƙusa muka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi mutanen Kano.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ganin dorina ne."

Ya rage muryar rediyon. "Ta ci maka shinkafa?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ta kifar maka da jirgi?"

"A'a. Kallo kawai."

"Kallo," in ji shi. Ya waiwaya ya faɗa wa na bayansa, su ma suka faɗa wa na bayansu, ina ji maganar tana tafiya a bakin ruwa har wurin masu banda. Sannan ya ce, "Malam, mu nan gudunta mukai."

Ya yi mini bayani a hankali, irin wanda ake yi wa marar lafiya. Da rana tana cikin ruwa, da dare take fitowa kiwo, kuma in ta faɗa gonar shinkafa, mai gona sai dai ya zo da safe ya yi salati. Mai ɗa kuwa ba ta tambayar wane ne a kwalekwale. Ya ce in ina son ganin yadda mutanen ruwa suka ɗauki dorina, in zo bikin Rigata da ake yi a Yawuri, wanda ake cewa asalinsa jaruman Gungawa ne ke fita da jirage da masu su yaƙi dorinar da ke ɓarna a gonaki. Wato abin da kakannin mutane suka yi wa gangamin yaƙi, shi na zo gani da biskit a jaka.

Don in nuna masa ba da wasa na zo ba, na miƙa jadawali. Ya ba wani yaro ya karanta da ƙarfi. An jure dorina ƙarfe 8. Da yaron ya kai "ƙarfe 9 da rabi, ayu," wani tsoho da ke gyaran kalli ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka kawo masa ruwa. Sarkin Ruwa bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce tun kafin ruwan dam ya zo yake cikin kogin nan, amma ganin da ya yi wa ayu bai cika yatsun hannu ba, shi ma hanci kawai. Dabba ce mai gudun mutane, ciyawar ruwa take ci, tana shayar da ɗanta nono, in za ta shaƙi iska sai ta turo ƙofofin hanci ta koma. Ya dubi takardar ya ce in ƙara mata lokaci.

Duk da haka ya haɗa ni da wani Basarke, dattijo marar yawan magana, na yi shatar jirginsa. Cinikin bai tsaya kan jirgi ba, kan fetur ya tsaya, domin shi ne kuɗin. Jirgin katako ne dogo, da inji a gindi. Na sunkuya na dubi cikinsa da kyau: inda katako ya tsage an cusa tsumma, an bi da faifan gwangwani an buga ƙusoshi, ruwa kuma na tsattsafowa ta gefen facin. A tsakiya jikansa na zaune da yankakkiyar jarka, aikinsa ke nan tun daga tashi har dawowa, ya kwarfa ya zubar, ya kwarfa ya zubar. Na ce, "Baba, jirgin nan ba ya yoyo kuwa?" Ya ce, "Yana yi." Ya ja igiyar inji.

Ba mu yi nisa ba muka fara tarar da masunta. Ga mai jefa birgi, ga masu ɗaga gura, ga masu bin mamari suna cire kifi daga ƙugiyoyi. Na miƙe tsaye na saita madubi, na buɗe littafi. Duk kwalekwalen da muka nufa sai ya juya ya ba mu baya, filafilai na aiki. Wasu har ragarsu suka saki. Na rubuta abin lura na biyu: kunyar har cikin ruwa. A nan ne Baba ya rage wuta ya ce, "Malam, don Allah ko ka tuɓe rigar nan ko ka aje littafin nan. Kana kore mini dangi."

Ashe akwai wata raga da ake kira dala, mai ƙananan idanu, wadda ake ja daga gaɓa don kama warangi, amma takan kwashe har da 'ya'yan giwan ruwa da na gargaza tun ba su kai ko'ina ba. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin wani shirin bunƙasa kamun kifi na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus, aka hana amfani da ita a tafkin. Kuma masu zuwa binciken raga da lasisi, in ji Baba, ga yadda suke zuwa: riga mai ruwan lemo, madubi a wuya, littafi a hannu. Tun a kwata labari ya riga mu shiga ruwa cewa gwamnati ta iso, kuma ta fake da dorina.

Littafin na ajiye, rigar kuwa na ce ko za a kira ni gwamna ba zan tuɓe ba. Na zaci zai yi dariya, sai ya ce na yi daidai. Ya nuna wani sashe na ruwan da haɓarsa ya yi shiru. Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya ɗauko mutum fiye da 150 ya tsage ya nutse a ruwan nan kusa da Wara, waɗanda aka ceto da rai kusan 20 ne kawai. Yawancin fasinjojin mata ne da yara da 'yan kasuwa masu neman abinci. A Wara ba a ba da wannan labari da tsawo, domin kusan kowa akwai wanda ya sani a ciki. Cikin duk abin da na ɗauko daga Kano, rigar nan ce kaɗai mutanen ruwa ke da buƙatarta, kuma a kwatar da na gani da safe ana ta lodi, ni da ɗan yayata ne kawai muke sanye da ita.

Wajen ƙarfe 8 da 'yan mintoci, ga mamakin kowa ban da ni, dorina ta bayyana. Cikin hazo na hango baƙin kai a saman ruwa, da kunnuwa biyu a tsaye. Na yi kabbara. Na ce wa yaro ya kunna bidiyo, na juya na fuskanci waya na fara darasi: jama'a ga ta nan, namijinta yakan haura tan ɗaya da rabi, a dare guda takan ci ciyawa kusan kilo 40, takan yi minti biyar a ƙarƙashin ruwa ba ta shaƙi iska ba, kuma in ta wangale baki ba hamma take yi ba, gargaɗi ne. Na ƙara da cewa a lura da natsuwarta, ko motsi ba ta yi. Baba ya karkata jirgi ya yi nesa da ita, na ce masa ya matsa kada ya ji tsoro. Ya ce, "Tsoro kam ina ji. Kututture ne." Itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968 har yau wasunsu na nan tsaye a ƙarƙashi, kuma sun fi dorina fasa jirage. Kunnuwan da na gani rassa ne guda biyu. Wani zalɓe ya zo ya sauka a kan dorinar tawa, don ya ƙarasa ni.

Ayu bai zo ba ƙarfe 9 da rabi. An ba shi rarar minti 15, nan ma shiru. Kada ma bai samu dama ba.

Da rana ta ɗaga sai iska ta taso daga gabas. Wanda bai shiga tsakiyar Kainji da hunturu ba ba zai yarda ruwan daɗi na yin irin wannan igiya ba. Jirgi ya shiga rawa kamar ana tankaɗen gari, mu ne garin. Furar da na sha da safe da kilishin da na ci don ƙarfin zuciya suka yi shawara, suka yanke cewa nan za su sauka. Ina rungume da gefen jirgi, kaina a waje, sai na ji yaro ya yi ihu, "Kawu, Kawu, dubi!" Wai wata gaggafa ce mai farin kai ta sauko ta sure kifi da ƙafa ta yi sama, irin abin da ake nunawa a talabijin sak. Kowa ya gani, har mai kwarfa. Ni ruwa nake kallo, a kusa ƙwarai.

Da na ɗan farfaɗo na duba agogo na ce, "Baba, azahar ta kusa, yaushe za mu isa Foge?" Ya kashe inji, ya ɗauki doguwar gora ya zura cikin ruwa har ta taɓa ƙasa. Ya ce, "Ga shi nan, kana kansa."

Wannan kuwa darasi ne da ni kaina nake koyarwa a aji biyar. Kwara cika biyu take yi a shekara. Akwai farin ruwa, na daminarmu, mai laka, wanda ke zuwa daga wajen Agusta. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka tun a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana ajiye lakarsa, sai ya iso nan cikin sanyi, garau. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akwai bambancin kusan mita 10. Foge a da babban tsibiri ne mai garuruwa da gonaki, dam ya shanye shi. In ruwa ya janye sai filinsa ya fito, makiyaya su shigo da shanu, manoma su yi shuka, in ya cika kuma sai 'yan tuddai da kan ciyawa. Na zo a watan da tafki ya cika fal, da tabarma da kular shinkafa, zan ci abinci a ƙasan ruwa.

Gaskiya tsuntsaye kam akwai su, kuma su kaɗai suka mutunta jadawalina. A kan ciyawar burgu da ta leƙo sama ga dinya, ga garken kirinjijiya suna ta fito, ga balbela, ga zalɓe iri-iri, ga kuma wasu ƙananan agwagi da ke tsere wa sanyin Turai su ƙetare Sahara su yi hunturu a nan. Na ɗaga madubin gwanjo, sai na ga ashe idonsa ɗaya ya yi raɓa daga ciki. Da ido ɗaya na kalle su, kuma ko a haka sun biya kuɗin fetur.

Baba ya nuna wurare da gorarsa, yana kiran sunayen garuruwan da ke ƙarƙashinmu. Mutum kusan 44,000 aka tayar saboda tafkin nan, cikinsu da Gungawa mazauna tsibirai, waɗanda suka shahara da noman albasa, da Kambari da Lopawa da mutanen Bussa, aka gina musu sababbin matsugunai a tudu. Tsibiran da na zo yawon buɗe ido a kansu gidajen kakannin wasu ne, da kaburburansu.

Na ce tun da iska ta hana mu ƙarasawa Tsohuwar Bussa, zan yi jawabin daga nan, a fuskanci kudu. Na gyara murya. Na ce a can ne, a 1806, Mungo Park, Baturen da ya biyo Kwara daga ƙasar Mali don ya ga inda ta ƙare, jirginsa ya maƙale a duwatsu ya halaka a ruwa, bayan ya wuce Yawuri. A 1830 kuma Richard Lander da ƙanensa John suka zo har fadar Sarkin Yawuri suna neman takardunsa. Ɗan yayata ya sauke waya ya ce, "Kawu, shi ma da littafi ya zo?" Na rufe taro.

Wata tunga ta masunta muka raɓa muka yi salla. Kafin mu sauka Baba ya yi kira daga nesa cewa ba gwamnati ba ce, Bakano ne mai son ganin dorina. Wannan ya fi na farko tara jama'a. Yara suka kewaye ni, wannan ya latsa rigar, wancan ya busa usur, wata yarinya ta leƙa madubin ta baya ta ga na ƙanƙance ta ruga da gudu. Mata suka bar banda suka zo suka tsaya daga gefe, ana nuna ni da baki. Wata tsohuwa ta tambayi Baba ko ciwon ya daɗe. An kawo mana farfesun tarwaɗa da tuwon shinkafa, ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba, amma kowace loma da shaidu na kai ta baki.

Bayan an ci, wani yaro mai fuskar salihai ya zo da ƙwarya, ya ce, "Malam, ga wani kifi ka rubuta." Kifi ne mai taushi, kumburarre, launin toka da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, ga gashin baki, ga ƙananan idanu, ba shi da ƙaya a baya. Yana kwance lamo abin tausayi. Na lura duk yaran sun ja da baya sun yi shiru, na ɗauka ladabi ne. Na naɗe hannun riga na kama shi da hannu biyu.

Minjirya ce. Masana sun ce babbarta takan saki wutar da ta haura bolt 300. Ban auna ba, amma na ji ta har cikin haƙoran da aka cire mini. Na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba, ƙwarya ta yi gabas, hula ta yi yamma. Tunga ta kaure da dariya, har tsohuwar nan sai da aka riƙe ta. Iyakar wutar Kainji da na samu a tafiyar nan ke nan, kuma ba ta ɗauke ba sai da na saki.

Baba ya ce mu kama hanya, domin shi ba ya tafiyar dare ko nawa za a ba shi. Muka bi gefen gaɓa inda iska ta yi sauƙi. Rana ta yi ja cikin hazo, na riga na cire rai, ina lissafin abin da zan faɗa a ɗakin malamai. Muna daf da wata fadama mai burgu sai Baba ya kashe inji ba tare da ya ce komai ba. Mai kwarfa ya tsaya da kwarfa, karo na farko tun safe. Sai na ji wani huci, sannan wani gurnani mai kauri da ya biyo ta cikin katakon jirgi ya shige mini ciki. Baba ya ce a hankali, "To Malam, ga baƙuwarka. Da ɗa take. Kada kowa ya motsa."

Abin da ya faru bayan wannan akwai saɓanin ruwaya. Ni abin da na sani shi ne na ɗauki matakin kariya, na rage tsawo don kada in tsorata dabbar. Su kuma sun ce na kwanta rub da ciki a cikin ruwan da ba a kwarfe ba, na rufe ido, na laluba usur na kai baki, sai da jikan Baba ya fizge shi. Baba ya sa gora ya tura mu baya sannu a hankali, sai da muka yi nisa ya tayar da inji. Kowa a jirgin ya ga dorina: kunnuwa, idanu, faffaɗan baya, da ɗan ƙaramin kai a gefenta. Ni na ji ta dai, kuma ji ma ilimi ne. Na so in rubuta lokacin a jadawali, sai na tarar littafin ya sha ruwa, layukan rula duk sun narke.

Ayu kuwa sai a tashar Yelwa muka haɗu, a cikin kwalba. Wani mai magani ya dubi furfurata ya matso ya rage murya, ya ce yana da man ayu na asali, na maigida da uwargida. Na buɗe na shinshina, ni dai ƙamshin man gyaɗa na ji. Kuma gara haka. Dabbar nan ɗa guda take haifa bayan cikin kusan shekara, doka ta hana kashe ta, kuma da duk kwalaben da ake tallarsu a Kano da Kaduna da Facebook na gaske ne, da tuni ko hancin da Sarkin Ruwa yake gani ya ƙare. Mai saye ɗayan biyu ne: ko an cuce shi, ko ya sa hannu an cuci tafki.

Wanda ke da niyyar zuwa, ya je, wurin ya cancanci wahalar hanya. Ya fara da gaida Sarkin Ruwa, ya bar masu jirgi su zaɓa masa wata da lokaci, kada ya hau jirgin da aka yi wa lodi har baki, kada ya yarda da tafiyar dare, kuma ya sa rigar hana nutsewa ko da duk tunga za ta fito kallonsa. In da hali ya sayi biyu ya bar wa mai jirgi ɗaya. Kada ya karɓi ƙwarya daga hannun yaro mai fuskar salihai.

Sai kuma roƙo ga 'yan'uwa da abokan arziki. Bidiyon nan da ɗan yayata ya ɗauka, wanda ba a ganin komai a cikinsa sai sama da gefen jirgi da wata riga mai ruwan lemo tana karkarwa, muryar da ake ji tana kiran "Wayyo Inna" ba a tabbatar da mai ita ba, iska ta yi yawa a ranar. Don Allah a daina tura shi, ya riga ya kai hannun 'yan aji biyar, kuma ranar Litinin ina da darasi da su a kan madatsar Kainji.